Yadda ake gwada hanyoyin tura bayanai na SDN da NDN a kwamfuta ɗaya kafin a sayi na'ura

Duk wanda ya taɓa kula da cibiyar sadarwa ta makaranta ko ta ofis mai rassa tsakanin Ngaundare da Kusseri ya san cewa taswirarmu ba ta yi kama da wadda ake zanawa a littattafan koyarwa ba. A littafi kowane gari yana da hanyoyi uku ko huɗu zuwa maƙwabtansa, amma a arewacin Kamaru garuruwan jere suke a kan layi guda, daga Ngaundare zuwa Garwa, zuwa Marwa, zuwa Kusseri, sannan a haye gada a shiga Njamena. Galibin bayanan da muke nema daga kudu suke fitowa, inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka a Duwala da Limbe da Kribi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ciki har da WACS da SAT-3, ƙasashe da yawa na yammaci da tsakiyar Afirka sun ji a jikinsu. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa a yi wa kowane tsarin zaɓen hanya a yankinmu ita ce abin da yake yi a lokacin da waya ta tsinke, kuma ana iya samun amsarta a kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ba tare da an kashe ko sefa guda a kan na'ura ba.

Wane ne yake yanke hukunci, kuma da me

A intanet ɗin da muka saba, kowace rauta, wato na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya, tana musayar labari da maƙwabtanta ta hanyar ƙa'idoji irin su OSPF a cikin gida da BGP tsakanin kamfanoni, ta lissafa hanya mafi sauƙi da kanta, sannan ta tura kowane ƙunshi, wato guntun bayanin da ake aikawa, bisa adireshin IP da ke kansa. Tsare-tsaren biyu da za mu gwada, SDN da NDN, kowannensu ya taɓa wani ɓangare ne na wannan aiki.

Tsarin SDN (Software-Defined Networking, wato cibiyar da manhaja take sarrafawa) ya ɗauke tunanin daga cikin na'urori ya mayar da shi ga manhaja guda, wato kwantirola, wadda take ganin taswirar cibiyar gaba ɗaya tana rubuta wa kowane suwic, wato na'urar da ke miƙa ƙunshi daga ƙofa zuwa ƙofa, ƙa'idojin da zai bi. Yaren da aka fi sani tsakanin kwantirola da suwic shi ne OpenFlow, wanda Nick McKeown da abokan aikinsa suka gabatar a 2008 daga jami'ar Stanford ta Amurka, kuma sigarsa ta 1.3 da ta fito a 2012 ita ce za mu yi amfani da ita. A 2013 kamfanin Google ya bayyana cewa cibiyarsa mai suna B4, wadda take haɗa manyan rumbunan bayanansa, tana cika wasu layukanta kusan ɗari bisa ɗari ta wannan hanya, alhali a al'ada ana barin irin waɗannan layuka a kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari don gudun cunkoso.

Shi kuwa NDN (Named Data Networking, wato neman bayani da sunansa) adireshin ne ya taɓa. Tunanin ya samo asali daga aikin Van Jacobson a cibiyar bincike ta PARC, kuma tun 2010 ake gudanar da shi a matsayin aikin haɗin gwiwar jami'o'in Amurka ƙarƙashin jagorancin Lixia Zhang ta jami'ar UCLA. A wannan tsari mai nema yana aika ƙunshin buƙata ɗauke da sunan abin da yake so, misali /ngaundare/darasi/lissafi, kuma duk na'urar da take da kwafi tana iya amsawa da ƙunshin bayani wanda mai shi ya sanya wa hannu na lantarki. Kamar mai neman albasar Marwa a kasuwar Garwa ne, wanda ba ruwansa da gonar da aka noma ta muddin ya tabbata ita ce. Kowace na'ura tana riƙe da abubuwa uku: rumbun ajiya na ƙunshin da suka wuce ta cikinta, teburin jira na buƙatun da ba a amsa ba tukuna tare da mahaɗar, wato ƙofar, da kowace ta shigo, da teburin turawa mai nuna mahaɗun da za a bi don kowane farkon suna. Amsa tana komowa ne ta sawun da buƙata ta bari a teburin jira, don haka ƙunshin bayani ba ya ɗauke da adireshin kowa.

Kayan aiki

Ana buƙatar kwamfuta mai Ubuntu, kai tsaye ko a cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da injin kwaikwayo a cikin kwamfuta, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 idan da hali. Don SDN a sauke Mininet, manhajar da ke kwaikwayon cibiya a kwamfuta ɗaya, da Open vSwitch, wato suwic na manhaja, da kwantirolar Ryu, wadda kamfanin NTT na Japan ya rubuta da Python. An daina sabunta Ryu, kuma takan ƙi tashi a kan sababbin sigogin Python, saboda haka a keɓe mata muhalli na daban mai Python 3.9. Don NDN a sauke Mini-NDN, wanda aka gina a kan Mininet, kuma shi yake girka manhajar turawa ta NFD da manhajar zaɓen hanya ta NLSR. Girka shi yana cin lokaci da data mai yawa, don haka a ajin ɗalibai ya fi kyau mutum ɗaya ya gama girkawa a cikin VirtualBox, sauran su kwafi hoton injin ta filashi.

Taswirar gwajin ɗaya ce ga tsarin biyu, kuma kada a canza ta, domin in ba haka ba babu abin da za a kwatanta. A jera na'urori huɗu da sunayen Ngaundare, Garwa, Marwa da Kusseri (s1 zuwa s4 a jere a umarnin Mininet), a haɗa kowace da mai bi mata da layi mai faɗin megabit 10 da jinkirin milisakan 2. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a cikin milisakan ɗaya a wayar gilashi, don haka wannan adadi bai yi nisa da gaskiya ba. Daga nan a ƙara layi na huɗu daga Ngaundare zuwa Kusseri mai faɗin megabit 2 da jinkirin milisakan 280, wanda zai tsaya a matsayin tauraron ɗan'adam na ko-ta-kwana. Da wannan layi taswirar ta zama zobe, ta yadda kowane gari yana da hanya biyu, ɗaya mai kyau ɗaya mai tsada.

Gwajin SDN

A rubuta taswirar a fayil ɗin Python, a ce arewa.py, sannan a tayar da ita:

`sudo mn --custom arewa.py --topo arewa --link tc --controller remote --switch ovsk,protocols=OpenFlow13`

Na'urorin suwic za su nemi kwantirola a lambar tasha 6653, ko 6633 a tsofaffin sigogi. Kuskuren da kusan kowane sabon ɗalibi yake yi a nan shi ne tayar da manhajar misali ta simple_switch_13 a kan taswira mai zobe. Wannan manhaja tana watsa ƙunshin da ba ta san mai shi ba ta kowace ƙofa, kuma a zobe ƙunshin ARP guda ɗaya, wato na tambayar wane ne mai adireshi kaza, zai yi ta zagayawa yana ninkuwa har kwamfutar ta cije. Idan hakan ta faru a rufe komai a share da `sudo mn -c`. Mafita mai sauƙi ita ce simple_switch_stp_13, wadda take toshe layi ɗaya don yanke zoben, amma wannan komawa ne ga tsohuwar dabara. Wanda yake son ya fahimci SDN sai ya rubuta tasa manhajar: ya tayar da Ryu da `--observe-links` domin ta gano layuka ta hanyar aika ƙunshin LLDP, ya zuba abin da ta gano a networkx, kayan aikin Python na lissafin taswira, ya sanya jinkiri a matsayin nauyin kowane layi, ya lissafa hanya da dabarar Dijkstra ta 1959, sannan kwantirola ta riƙa amsa ARP da kanta maimakon watsawa.

A nan ne zaɓi na farko yake, wato lokacin da ake rubuta ƙa'ida. Ana iya jira sai ƙunshi na farko ya iso suwic bai sami ƙa'idar da ta dace da shi ba, suwic ya tura shi ga kwantirola, ita kuma ta lissafa ta rubuta ƙa'idoji a duk na'urorin da ke kan hanya. Ana kuma iya rubuta ƙa'idojin tun kafin kowa ya aika komai. Hanyar farko tana tsimin gurbi a teburin suwic, abin da yake da muhimmanci a na'urorin gaske domin ƙwaƙwalwarsu ta TCAM tana da tsada kuma ba ta da yawa, amma kowace sabuwar hira sai ta biya kuɗin zuwa wurin kwantirola da komowa. Idan kwantirolar tana Yawunde ko Duwala alhali suwic yana Kusseri, wannan jinkiri zai hau kan duk wanda ya buɗe shafi. A ganina cibiyar da rassanta suke da nisa irin namu ta rubuta manyan hanyoyi tun da wuri, ta bar jiran ƙunshin farko ga 'yan abubuwan da suke buƙatar hukunci na musamman. Ana duba abin da aka rubuta da `sudo ovs-ofctl -O OpenFlow13 dump-flows s2`, kuma ya kamata a lura da lokacin ƙarewar kowace ƙa'ida, domin ƙa'idar da take mutuwa bayan daƙiƙa goma na shiru ba za ta amfani kowa ba ranar da kwantirola ta ɓace.

Yanzu a bar ping, umarnin da ke aika ƙunshin gwaji yana jiran amsa, yana tafiya daga Ngaundare zuwa Marwa, a tsinke layin tsakiya da `link s2 s3 down`, a ƙirga ƙunshin da suka ɓata kafin hanya ta koma ta tauraro. Sakamakon zai yi kyau ƙwarai, kuma bai kamata a yarda da shi ba. Mininet yana haɗa kowane suwic da kwantirola ta wata hanya ta daban a cikin kwamfutar, wadda tsinkewar layin gwaji ba ta shafa, alhali a fili saƙonnin kwantirola suna bin wayar nan ɗaya da ta tsinke. Don ganin gaskiya a kashe Ryu tukuna, sannan a tsinke layin. Suwic ɗin da yake cikin yanayin `secure` zai riƙe ƙa'idojinsa na baya ya ci gaba da tura ƙunshi cikin wayar da ta mutu, wanda yake cikin `standalone` kuma zai koma koyon adireshi da kansa yana watsawa, abin da zai iya dawo da guguwar zoben.

Maganin yana cikin OpenFlow kansa, wato rukunin sauya ƙofa da gaggawa, inda ake ba suwic jerin ƙofofi ya yi amfani da ta farko da take raye ba tare da ya tambayi kowa ba:

`sudo ovs-ofctl -O OpenFlow13 add-group s2 group_id=1,type=ff,bucket=watch_port:3,actions=output:3,bucket=watch_port:2,actions=in_port`

Wannan misali ya ɗauka cewa ƙofa ta 3 tana kallon Marwa, ta 2 kuma tana kallon Ngaundare, don haka a duba lambobin da umarnin `net` kafin a kwafa. Dalilin rubuta `in_port` shi ne OpenFlow ba ya mayar da ƙunshi ta ƙofar da ya shigo sai an faɗa masa da wannan lafazi, kuma a zobe ƙunshin da ya iso Garwa ya tarar da hanyar Marwa a rufe dole ya koma baya. Sannan suwic na Ngaundare yana buƙatar ƙa'ida mai fifiko mafi girma wadda take cewa duk ƙunshin Marwa da ya shigo daga ɓangaren Garwa a tura shi ta tauraro, in ba haka ba na'urorin biyu za su yi ta jefa wa juna shi. A tuna kuma cewa wannan rukuni yana lura ne da mutuwar ƙofar da ke jikin suwic. Idan wayar ta tsinke a wani wuri a tsakiyar hanya, bayan na'urorin kamfanin da ya ba da hayar layi, ƙofar za ta ci gaba da nuna tana raye, kuma sai an kunna BFD, wanda yake aika gajerun saƙonnin gaisuwa a kai a kai, kafin suwic ya gane.

Gwajin NDN

A Mini-NDN ana rubuta taswira a fayil mai sassa biyu, `[nodes]` da `[links]`, kowane layi da jinkirinsa, kamar `garwa:marwa delay=2ms bw=10`. Bayan an tayar da NFD da NLSR a kowace na'ura sai a ba su lokaci su daidaita, domin NLSR ba ta da gaggawa. Jami'ar Memphis ce ta jagoranci rubuta ta, kuma tana aiki kamar OSPF ta fuskar yaɗa labarin layuka, sai dai tana yaɗa farkon sunaye a madadin adireshi, kuma tana rubuta mahaɗa fiye da ɗaya ga kowane suna, kowace da farashinta. A Ngaundare a sanar da suna da `nlsrc advertise /ngaundare/darasi`, a ɗora fayil da `ndnputchunks`, sannan a Marwa a duba `nfdc fib list`, inda za a ga hanyoyin biyu a jere, ta Garwa da ta Kusseri.

A ja fayil ɗin daga Marwa da `ndncatchunks` a rubuta lokacin da ya ɗauka, sannan a ja shi daga Kusseri. Na biyun zai samu amsa daga rumbun Marwa ba tare da buƙatar ta isa Ngaundare ba, kuma `nfdc cs info` zai nuna adadin buƙatun da rumbun ya amsa. Haka kuma idan ɗalibai hamsin suka nemi ƙunshi ɗaya a lokaci ɗaya, teburin jira zai haɗe buƙatunsu ya tura guda ɗaya kawai ta layin mai tsada. Rumbun NFD yana ɗaukar ƙunshi 65,536 idan ba a canza ba, kuma ƙunshi ba ya wuce bait 8,800, wato sama da megabait 500 ke nan idan ya cika, abin da ya kamata a lissafa kafin a ɗora shi a ƙaramar na'ura.

Tsinke layi a nan ya fi koyarwa. NLSR tana gaisawa da maƙwabta duk bayan daƙiƙa 60, alhali OSPF tana yi duk bayan 10 ta yanke ƙauna bayan 40, kuma bayan ta gano sauyi takan jira daƙiƙa 15 kafin ta sake lissafi. Wanda ya saba da IP zai ɗauka wannan sakaci ne, amma da gangan aka yi, domin a NDN dabarar turawa ce take ɗaukar nauyin gaggawa. Na'urar da ta tura buƙata tana sanin ko amsa ta dawo, tunda buƙatar tana zaune a teburin jira har tsawon rayuwarta, daƙiƙa 4 idan ba a faɗi wani adadi ba, kuma wannan sani shi ne abin da rautar IP ba ta da shi. Dabarar best-route tana bin mahaɗa mafi arha, kuma idan mai nema ya sake aiko da buƙatar tana gwada wata mahaɗar. Dabarar multicast tana aikawa ta duk mahaɗun, abin da zai cinye layin tauraro a banza. Dabarar asf tana auna lokacin zuwa da komowa na kowace mahaɗa, tana kuma leƙa sauran lokaci zuwa lokaci don ta san halinsu. Ana sauyawa da:

`nfdc strategy set /ngaundare/darasi /localhost/nfd/strategy/asf`

A maimaita tsinkewar Garwa da Marwa ƙarƙashin kowace dabara, da `ndnping` yana tafiya, a rubuta ƙunshin da suka ɓata. Dabarar ana sanya ta ne ga suna, don haka darussa suna iya bin asf yayin da sanarwar gaggawa take bin multicast a kan na'ura ɗaya.

Gwaji na ƙarshe shi ne a yanke Ngaundare gaba ɗaya daga zoben, ta ɓangarorin biyu, a sake jan fayil ɗin daga Kusseri. A SDN babu abin da za a iya yi, domin mai fayil ɗin ya ɓace. A NDN kwafin yana nan a rumbu, amma sau da yawa gwajin yakan gaza a karon farko, kuma dalilin yana da amfani a sani. Idan aka ba `ndncatchunks` suna ba tare da lambar siga ba, sai ta fara tambayar wace siga ce sabuwa, tana sharaɗin amsar ta kasance ɗanya, kuma rumbu ba zai ba da amsar da wa'adin ɗanyantakarta ya wuce ba. A sa `ndnputchunks` ta buga cikakken sunan da lambar sigarsa tun lokacin ɗorawa, a yi amfani da shi wajen ja, sai fayil ɗin ya fito daga rumbu. Wannan yana nuna cewa tsara sunaye da wa'adinsu shi ne rabin aikin injiniya a NDN.

Abin da sakamakon yake nufi ga mai zaɓe

Wanda zai haɗa rassan ofis ko sassan jami'a a bana, a Marwa ko Ngaundare ko sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, SDN ne yake da na'urori a kasuwa da kwantiroli irin su ONOS da OpenDaylight, kuma manhajojin da mutane suke amfani da su ba sa buƙatar canji. Sharaɗinsa shi ne a ajiye kwantirola a arewa kusa da na'urorin, a yi mata mataimakiya a wani gari mai wutar ajiya ta daban, kuma a rubuta hanyoyin ko-ta-kwana a cikin suwic tun da wuri. NDN har yanzu aikin bincike ne, burauzar waya ba ta jin yarensa, kuma matsalar yawan sunaye ba ta warware ba, domin teburin BGP na IPv4 ya haura layi 900,000 da adireshi kawai, sunayen abubuwa kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba. Dabarar lissafin hanya bisa wuraren da aka ba na'urori a wata taswirar lissafi da ake kira haifabola (hyperbolic), dabarar da NLSR take da ita, ƙoƙari ne na rage wannan nauyi. Inda NDN yake da amfani a yau shi ne a ɗora shi a kan IP ta UDP a lambar tasha 6363, tsakanin 'yan na'urori ƙalilan, don rarraba abin da mutane da yawa suke nema iri ɗaya, kamar darussan bidiyo da sabunta manhajoji.

Ana iya haɗa su, kuma ɗalibin da yake neman batun kammala karatu zai sami aiki a nan. OpenFlow yana duba filaye masu tsayayyen tsawo ne a kan ƙunshi, don haka ba ya iya karanta suna mai tsawo ko gajarta, sai dai a koma ga yaren P4 da aka gabatar a 2014, wanda yake barin injiniya ya tsara yadda suwic zai karanta ƙunshi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe NLSR, a rubuta ƙaramar manhaja ta tsakiya wadda take lissafa hanyoyi biyu ga kowane suna ta zuba su a kowace na'ura da `nfdc route add`, a bar asf ta zaɓa tsakaninsu. Sai a kashe manhajar ta tsakiya, a tsinke layin Garwa da Marwa, a sanya adadin ƙunshin da suka ɓata kusa da wanda aka samu a gwajin rukunin sauya ƙofa na OpenFlow.